Agogon Baba da wayarsa: rubutun aikin sasanta su

Litinin, 6 ga Oktoba 2025

Likita ya ce wa Baba ya riƙa tafiyar ƙasa kullum saboda hawan jini, kuma yana son ya riƙa sanin ko tafiyar tana yiwuwa. Dalilin da ya sa ke nan Yaya ya aiko da agogon hannu na zamani daga Yamai, irin mai ƙirga taku da bugun zuciya, wanda har kira ake amsawa da shi. Ba mai tsada ba ne. Ya iso Damagaram tun makon jiya, amma har yau shi da wayar Baba sun ƙi jituwa. Yaran gida kowa ya taɓa, kowa ya danna abin da ya ga dama, daga ƙarshe aka ce agogon ne jabu. Na karɓi aikin, zan kuma riƙa rubuta abin da na yi da abin da ya biyo baya, don Yaya ya gani daga can, don kuma wanda ya faɗa irin wannan ya samu bakin zare.

Sharaɗi ɗaya na sa wa kaina: ba zan canza abu biyu a lokaci guda ba. In na taɓa saiti ɗaya, sai na jira na ga sakamakonsa kafin in taɓa wani. In ba haka ba, ko an dace ba za a san abin da ya kawo dacen ba.

Wayar Baba Android 13 ce, da Faransanci take. Da na duba sashen Bluetooth na tarar an riga an haɗa agogon ta nan, sunansa na cikin jerin na'urori, amma manhajar agogon tana ta juyawa tana cewa ba ta ga komai ba. Wannan shi ne tarkon farko. Agogo mai amsa kira Bluetooth iri biyu ne a cikinsa. Akwai tsohon, wanda ke ɗaukar murya, irin na abin sauraro na kunne da lasifika. Akwai kuma mai ƙarancin cin baturi, wanda ya zo da Bluetooth 4.0 a 2010, Android ta fara aiki da shi daga 4.3 a 2013. Taku, bugun zuciya, lokaci da saƙonni duk ta wannan na biyun suke bi, kuma manhajar agogon ce ke ƙulla shi daga cikinta. Abin da yaran suka haɗa hanyar murya ce kawai. Na cire sunan agogon daga jerin, na kashe Bluetooth na kunna, na bar shi haka zuwa gobe.

Talata, 7 ga Oktoba

Manhaja ba ta gan shi ba da safe. Na koma ga izini.

Daga Android 6 zuwa 11, manhajar da ke son lalubo na'urorin Bluetooth na kusa sai an ba ta izinin sanin wurin da kake, domin da irin wannan laluben ana iya gane inda mutum yake. Daga Android 12, wadda ta fito a 2021, aka ware izini na musamman na na'urorin da ke kusa. Sai dai manhajar da aka gina a kan tsohon tsari tana ci gaba da neman izinin wuri ko da a sabuwar waya take. Ta Baba irin wannan ce. Wani ya hana ta izinin, ina jin tsoron kada a bi sawun Baba ne ya sa, kuma ba zan ga laifinsa ba. Na ba ta izinin, na kunna maɓallin wuri da ke saman waya, domin izini kaɗai bai isa ba in maɓallin a kashe yake.

Duk da haka shiru. Sai da na lura da ƴar alamar haɗi a fuskar agogon: yana nuna a haɗe yake, alhali wayar Baba ba ta riƙe da shi. Ashe ƙanena ya sa manhajar a tasa wayar ranar da agogon ya iso, kuma yana zaure a zaune. Agogon da ba a haɗa ba yana ta sanar da kansa ne kamar mai talla, da ya samu mai saye sai ya yi shiru. Ƙananan agoguna da yawa waya ɗaya suke iya riƙewa, kuma muddin suna riƙe da ita ba wata wayar da za ta gan su. Na sa ya cire agogon daga cikin manhajarsa, sannan ya goge manhajar. Nan take sunan ya fito a wayar Baba. Lokaci ya daidaita, taku ya shigo.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Haɗin yana tsayawa muddin manhajar tana buɗe a fuskar waya. Da an ajiye wayar na wani lokaci sai ya yanke, kuma ba ya dawowa sai an buɗe manhajar da hannu. Da asuba kullum a yanke nake samunsa.

A nan na fi daɗewa, domin a ganina nan ne cutar take ga yawancin masu kuka da agogonsu. Haɗin nan ba wayar ce ke riƙe da shi don kanta ba, manhajar ce. In manhajar ta mutu, haɗi ya mutu. Ita kuwa waya an gina ta ne ta riƙa rufe duk abin da take ganin yana shan baturi ba a kallonsa. Tun Android 6, a 2015, akwai tsarin da ke sa waya gyangyaɗi in an ajiye ta ba motsi, ta jinkirta ayyukan manhajoji ta rage musu intanet. Wannan na asali yana da sauƙi. Amma masu ƙera wayoyi da yawa suna ɗora nasu tsarin a kai, wanda ke kashe manhaja ɗungurungum, musamman a wayoyin da ƙwaƙwalwarsu ba ta da yawa, irin waɗanda suka cika hannun mutane a nan.

Wurare uku na bi, ɗaya bayan ɗaya. Na farko sashen baturi na manhajar, na mayar da shi kan babu takura. Da azahar na duba, an samu sauƙi amma ya sake yankewa. Na biyu izinin tashi da kanta, wanda a wayar Baba an ɓoye shi cikin manhajar kula da waya, ba a cikin saituna ba. Na uku kulle manhajar a jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan, inda ake danna ta a riƙe har ɗan kwado ya fito a kanta. Wannan na ukun ya zama dole saboda al'adar Baba: duk sanda ya gama da waya sai ya share komai, wai kada ta yi nauyi.

Akwai kuma sanarwar nan da ke maƙale a saman waya tana cewa agogo a haɗe yake. Baba ya ce in cire masa ita, tana cika masa ido. Na ce, “Baba, ku yi haƙuri da ita. Ita ce shaidar da manhajar ke nuna wa waya cewa tana bakin aiki. In aka hana ta, wayar za ta fi saurin rufe ta.” Ya ce, “To, bar ta, tunda mai tsaro ce.”

Na kuma tarar da wata manhajar share-share da wani ya sa masa, mai alkawarin sanyaya waya da ƙara mata gudu. Ita ma rufe manhajoji take yi. Na goge ta da yardarsa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Daren jiya da na shekaranjiya haɗin ya kwana lafiya. Yau da rana ya yanke, amma dalilin daban ne: an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun safe, cajin wayar ya yi ƙasa, ta shiga yanayin tanadin baturi da kanta, shi kuma wannan yanayin ba ruwansa da alfarmar da na nema wa manhajar. Ban kashe shi ba. Wayar da ke da rai ana iya kiran Baba ta fi agogon da ke haɗe muhimmanci. Da kuran ya dawo aka yi caji, na buɗe manhajar, komai ya shigo.

Na gwada nisa kuma. A tsakar gida, ba abin da ya shiga tsakani, haɗin yana kaiwa wajen mita goma, har ya ɗan wuce. Amma gidanmu a Birni na laka ne, bango mai kauri, ga ƙofar ƙarfe. Waya na ɗakin Baba, shi yana zaure, sai ya yanke. Bluetooth a kan zangon gigahaz 2.4 yake aiki, wanda bango da ƙarfe ke raunanawa, har jikin mutum ma saboda ruwan da ke cikinsa. Wi-Fi ma yana amfani da wannan zangon, shi ya sa in ƙanena ya kunna rabon intanet daga wayar Baba, kwaso bayanai yake yin nawa. Wannan ba lalacewa ba ce. Abin da nake nema shi ne in Baba ya dawo kusa da wayar haɗin ya koma da kansa, kuma yanzu yana komawa cikin ƙasa da minti guda.

Talata, 14 ga Oktoba

Saƙonni ba sa zuwa agogo. Kira yana nunawa, WhatsApp shiru.

Don agogo ya nuna saƙo, sai an ba manhajarsa izinin karanta sanarwar waya. Na je wurin, na tarar maɓallin ya dushe, ba ya dannuwa, in an taɓa sai wani rubutu ya fito cewa an taƙaita wannan saitin saboda tsaro. Na ɗauki waya da agogo na tafi Kasuwar Dole wajen wani mai gyaran salula da na saba da shi. Kallo ɗaya ya yi mata.

“Malam, daga ina aka sa manhajar nan?”

Na ce yara ne suka sa.

“To, turo ta aka yi daga wata waya. Ba daga Play Store ta zo ba.”

Gaskiyarsa. A nan kowa ya san yadda ake yi: forfen intanet yana da tsada, sai mutum ɗaya ya sauke manhaja, sauran su karɓa daga wayarsa. Tun Android 13, ta 2022, manhajar da aka sa daga fayil irin wannan ana toshe mata wasu izini masu haɗari, ciki har da karanta sanarwa, domin ta nan ne manhajojin damfara ke satar lambobin sirri. Ana iya buɗe toshiyar daga shafin bayanin manhajar, ta ɗigo ukun da ke sama, kuma mai gyaran ya ce zai yi min yanzu in ina so. Na ce a'a. Fayil ɗin ya bi hannu da yawa kafin ya iso wayar Baba, ba wanda zai iya cewa ba a taɓa cikinsa ba, kuma wayar nan ita ce ake turo wa Baba kuɗi ta cikinta. Ya gyaɗa kai ya ce shi ma da wayar mahaifinsa ce haka zai yi.

Kafin in goge tsohuwar sai na tuna ba a buɗe wa Baba asusu a cikinta ba, wato duk abin da aka tara a wayar kaɗai yake, gogewa za ta tafi da shi. Na sayi ƙaramin littafi na kwafe takun kowace rana da biro. Sannan na cire agogon daga cikin manhajar, na goge ta, na sauko da sabuwa ta hanyar hoton lambar da ke cikin takardar agogon, wanda ya kai ni Play Store. Sabuwar ba ta nemi izinin wuri don lalube ba, na na'urorin kusa ta nema. Duk saitin baturi na ranar Alhamis sai da na sake shi daga farko, domin ya tafi tare da tsohuwar.

Izinin karanta sanarwa ya dannu. A cikin manhajar na kunna kira da WhatsApp kaɗai, na bar saƙon tes a kashe. Ya kamata mai karatu ya sani cewa wannan zaɓin yana rage abin da ke fitowa a agogo ne kawai. Izinin kansa ba ya rabuwa, manhajar da aka ba shi tana iya ganin duk sanarwar da ta shigo. Na faɗa wa Baba haka dalla-dalla kafin in kunna, domin wayarsa ce, sirrinsa ne. Ya yi ɗan shiru, ya ce a kunna, amma in ya ga ba ya amfana a kashe.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Baba ya kira ni da hantsi, wai wayarsa ta kurmance. Ya danna saƙon murya ba ya jin komai. Muna tsaye sai na ji muryar tana fita siririya daga hannunsa. Sabuwar manhajar ta ƙulla hanyar murya ita ma, wayar kuma ta ɗauki agogon a matsayin lasifika, duk wani sauti can take tura shi: saƙon murya, karatu, wa'azi.

Gyaran ba wuya. A sashen Bluetooth, kusa da sunan agogon, akwai maɓalli biyu, na kira da na sauran sauti. Na kashe na biyun. Da na nuna masa, sai ya ce in kashe na kiran ma. Yau Juma'a, ya ce ba ya son yana sahu a masallaci murya ta tashi daga hannunsa, kuma ko a gida ba ya son duk wanda ke kusa ya ji abin da ake faɗa masa. Na kashe. Agogon yana girgiza ya nuna sunan mai kira, domin wannan ta ɗaya hanyar yake zuwa, amsawa kuwa sai a waya. Ina sa ran cajin agogon zai ƙara daɗewa, tunda hanyar murya ta fi cin baturi nesa ba kusa ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Caji ya ƙara daɗewa sosai.

Jiya Baba ya je Mirya gaisuwa ya manta wayar a gida. Na ji daɗin hakan, domin gwaji ne da ban shirya ba. Da ya dawo da magariba na buɗe manhajar, na ja fuskarta ƙasa, takun yinin duka ya shigo, awa bayan awa. Agogon yana ajiye abin da ya ƙirga a cikinsa, ba ya bukatar waya a kusa, ba ya bukatar rezo, wato layin sadarwar waya, ko intanet. Sai dai ma'ajiyarsa ƙarama ce, in aka daɗe ba a kwashe ba sabo yana hawa kan tsoho. Don haka na roƙi Baba abu ɗaya: kowane dare bayan isha ya buɗe manhajar, ya jira har ta gama juyawa.

Amma adadin da ya shigo ya yi yawa ƙwarai ga dattijon da ya yini a zaune ana gaisawa. Da na duba awannin, tarin takun ya faɗo ne daidai lokacin da yake kan kabu-kabu zuwa tasha da lokacin da yake cikin mota. Agogo ba ƙafa yake gani ba. Akwai ƴar na'urar jin motsi a cikinsa mai auna girgiza ta fuska uku, sai lissafi ya yi hasashen wace girgiza ce taku. Hanya mai gargada tana ruɗa shi. Jan carbi ma haka, domin a hannun dama Baba yake ɗaura shi. A gefe guda kuma, in yana tafe riƙe da sanda ko ya harɗe hannu a baya yadda ya saba, agogon yana rage masa. Mun mayar da shi hannun hagu, na gyara hakan a manhajar, na sa tsawonsa da nauyinsa na gaskiya, tunda da tsawo ake lissafa nisa.

Na rubuta wannan ne don a bambanta matsala biyu da ake haɗawa. Adadin da ke agogo ya saɓa da na manhaja, matsalar kwaso bayanai ce, ana gyara ta. Adadin ya zo daidai a duka biyun amma bai yi kama da gaskiya ba, wannan iyakar na'urar ce, ba saitin da zai kawar da ita. A littafin na fara sa alama a ranakun da aka hau babur ko mota.

Wani abu da ya dame ni ya fi duk wannan. Agogon yana da shafin da ke nuna awon jini, kuma na ga Baba yana dubawa yana cewa alhamdu lillahi ya sauka. Koren hasken da ke bayan agogon yana bin yadda jini ke kai-kawo a ƙarƙashin fata, da shi ake ƙirga bugun zuciya. Ba ya matse hannu, ba awon hawan jini ba ne irin na asibiti. Na zauna na ce, “Baba, don Allah kada lambar nan ta sa ku rage magani ko ku fasa zuwa awo. Ta taku da ta bugun zuciya za mu riƙa kallo, ta jini sai abin da likita ya auna.” Ya amince, na kuma cire shafin daga jerin da ke fuskar agogon.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Yau agogon ya makara wajen tashin Baba. Kiran salla ne ya tashe shi, agogon bai girgiza ba sai da gari ya fara haske. Da na duba, agogo da waya duka sun koma baya da awa guda cif.

Agogon ba shi da laifi, lokacinsa daga waya yake karɓa duk sanda suka haɗu. A saitin lokaci na wayar na samu abu biyu: an kashe karɓar lokaci daga rezo, kuma yankin lokacin a kan Faransa yake. Wanda ya fara saita wayar ya zaɓi Faransanci, ƙasar ta biyo, da ya ga awa ba daidai ba sai ya gyara ta da hannu ya wuce. Nijar awa ɗaya take gaba da lokacin Greenwich duk shekara, daidai da Najeriya, ba ma matsar da agogo. Faransa kuwa daga Lahadin ƙarshe ta Maris tana gaba da awa biyu, sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba ta dawo awa ɗaya. Yau ce wannan Lahadin. Cikin dare wayar ta bi dokar ƙasar da aka ce mata tana ciki, ta ja awa guda baya, ta miƙa wa agogo.

Da an sake gyara awar da hannu kawai, da abin ya lafa har ƙarshen Maris, sannan ya dawo ta ɗaya gefen. Na mayar da yankin kan Nijar, na kunna karɓar lokaci daga rezo, na buɗe manhajar, agogo ya daidaita. Tsofaffin bayanan da ke cikin manhajar sun gusa da awa guda, tafiyar safe ta koma kamar kafin asuba aka yi ta, amma jimillar kowace rana ba ta taɓu sosai ba tunda Baba ba ya tafiya da tsakar dare.

Da yamma na duba wayoyin gidan duka. Ta Inna ma a kan Faransa take. Duk wanda wayarsa ke da Faransanci ya leƙa wannan wurin, ko ba shi da agogo.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Agogon ya mutu murus jiya, alhali ya kwana a kan caji. Ƴan ƙarafan da ke bayansa, inda igiyar maganaɗisu ke mannewa, sun yi datti da gumi da ƙura. Igiyar ta manne amma wuta ba ta shiga ba. Na goge da busasshen ƙyalle da tsinken auduga, ya kama. Da ya farfaɗo kwanan wata da awa sun rikice har sai da ya haɗu da waya, kuma takun da Baba ya yi kafin haɗuwar ya faɗa wata rana ta daban. Yanzu in an sa caji sai an ga alamar ta fito kafin a tafi. Hunturu na tafe da ƙurarsa, gogewar za ta zama ta kowane mako.

Manhajar tana ta nuna akwai sabuntawa ga tsarin cikin agogon. Ban yi ba. Ba ta faɗi abin da sabuntawar ke gyarawa ba, kuma in haɗi ya yanke a tsakiyar irin wannan aiki agogo yana iya ƙin tashi gaba ɗaya. In wata matsala ta taso da ta ƙi jin duk wani saiti, zan yi ta, da cikakken caji a duka biyun, waya da agogo a kan tabarma ɗaya.

Talata, 4 ga Nuwamba

Yankewar safe ta dawo, amma ba kullum ba. Na bi saitunan baturi, duk suna nan yadda na bar su. Sai da na tambayi Baba abin da ya bambanta waɗannan ranakun. Ya ce in cajin ya yi ƙasa da dare yakan kashe wayar gaba ɗaya, da asuba ya kunna ta ya sa a aljihu ya fita.

Nan ne amsar take. Wayar da aka kunna ba a buɗe makullinta ba, bayanan manhajoji a rufe suke da sirri, sai an sa lambar buɗewa karo na farko suke samuwa. Kira yana shigowa, ƙararrawa tana bugawa, amma yawancin manhajoji ba sa tashi. Ta agogon tana cikinsu. Wannan tsaro ne mai amfani, ba zan cire wa Baba makulli don agogo ba. Abin da muka yi shi ne ƙara mataki ɗaya: in ya kunna waya ya sa lambarsa, ya jira ƴar sanarwar nan ta fito a sama, sannan ya sa a aljihu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Tun ranar Talata haɗin bai yanke ba sai in nisa ya raba su, kuma yana komawa da kansa. Sau ɗaya ya maƙale, manhajar tana cewa tana haɗawa ba ta gamawa. Kashe Bluetooth da kunnawa ya warware shi, ba sai an cire agogon an sake ƙullawa ba. Na nuna wa Baba yadda ake yi, ya yi da hannunsa.

Abin da ya rage ban samu maganinsa ba shi ne rubutu. Saƙon Faransanci yana fitowa daidai. Na Hausa yana fitowa, amma duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suke sai ɗan akwati ya tsaya a wurin. Na Larabci, wanda abokan Baba ke yawan turo masa da safe, akwatuna ne daga farko har ƙarshe. Haruffan ne babu a cikin agogon, waya tana aikawa daidai. Wannan kaɗai ne zai iya sa in gwada sabuntawar da na ajiye, kuma na rubuta wa masu manhajar ta wurin aika ƙorafi ina tambaya ko ta ƙunshi ƙarin haruffa. Yanayin gari ma ba ya sabuntuwa in forfe ya ƙare, tunda shi daga intanet yake zuwa, amma Baba ya ce wannan bai dame shi ba.

Littafin takun yana cika. Baba yana fita bayan asuba, ya bi ta gaban fadar Sarkin Damagaram ya zagayo ta wajen duwatsu, ya dawo kafin rana ta yi zafi, kuma shi da kansa yake karanto min adadin da dare in rubuta. Ranar awonsa ta gaba za mu tafi da littafin. Inna ta ce ita ma tana so. Wayarta ƙarama ce, ƙwaƙwalwarta ba ta kai ta Baba ba, don haka na ce wa Yaya kada ya saya tukuna. Zan ari agogon Baba yini guda in haɗa shi da wayarta, bayan na kwashe bayanansa na kuma cire shi daga tasa manhajar, in ga ko wayar za ta iya riƙe haɗin daga safe zuwa dare.